Zaɓen Kayan Ƙwallon Tebur da Kula da Su a Ƙasar Gumel

Ƙwallon tebur wasa ne da ake bugawa da kaya huɗu: bat, ƙwallo, tebur da raga. Ya samo asali a Ingila a ƙarshen ƙarni na 19, an kafa hukumarsa ta duniya, ITTF, a 1926, kuma ya shiga gasar Olamfik a birnin Seoul a 1988. Najeriya ta yi suna a cikinsa. Segun Toriola ya halarci Olamfik sau 7 daga 1992 zuwa 2016, Aruna Quadri kuma ya kai zagayen 'yan takwas na ƙarshe a Rio a 2016, matakin da babu ɗan Afirka da ya taɓa kaiwa kafin shi. A garuruwan Arewa wasan ya samu karɓuwa saboda ba ya cin fili kuma ba ya bukatar mutane da yawa. Inuwa da tebur da mutum biyu sun isa.

Yawancin kayan wasan a ƙasashe masu sanyi ake ƙera su, don a yi amfani da su a cikin zaure mai rufi. Wanda zai ajiye su a masarautar Gumel, wato ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, yana fama da abubuwa huɗu da masu ƙerawa ba su yi lissafinsu ba: zafin bazara da kan haura digiri 40, ƙurar hunturu da bushewarta, danshin damina, da gara. Saboda haka kaya na gaskiya mai matsakaicin farashi, wanda ya dace da hannun mai shi kuma ake kula da shi, ya fi mai tsada da aka yi wa riƙon sakainar kashi daɗewa da amfani.

Katakon bat

Bat kashi biyu ne: katako da robar da aka manna masa. Dokar ITTF ba ta ƙayyade girmansa ko nauyinsa ba, amma ta ce fuskar ta zama shimfiɗaɗɗiya marar lanƙwasa, kuma aƙalla kashi 85 cikin 100 na kaurinsa ya zama itace na asali. Ana haɗa shi da siraran falle-falle na itace, yawanci 5 ko 7, wasu kuma a saka musu siririn fallen kabon a tsakani. Mai falle 5 na itace zalla yana da ɗan sassauci, yana riƙe ƙwallo na ɗan lokaci kafin ya sake ta, wannan ne ya sa mai koyo ke jin inda ƙwallo ta taɓa da yadda ta tafi. Mai falle 7 da mai kabon sun fi tauri da gudu, kuma ƙaramin kuskure a hannu yakan aika ƙwallo bayan tebur.

Masu ƙerawa kan rubuta alama a jikin mariƙi: DEF na mai tsaro, ALL na mai wasa tsaka-tsaki, OFF na mai kai hari. Mai koyo da ɗan makaranta su fara da ALL. Bat mai gudu kan koya wa yaro taƙaita hannu don tsoron kada ƙwallo ta fita, kuma wannan ɗabi'ar tana da wuyar gyara daga baya. Katako shi kaɗai yakan yi giram 80 zuwa 90, idan an manna roba biyu kuma ya kai wajen 170 zuwa 190. Ga yaro ƙarami a nemi marar nauyi.

Mariƙi iri-iri ne. Akwai mai faɗin gindi, wanda ba ya saurin suɓucewa, shi ne ya fi yawa. Akwai miƙaƙƙe, wanda ke da sauƙin juyawa a hannu. Akwai mai tudu a tsakiya. Akwai kuma gajere na masu riƙon alƙalami irin na Sin da Japan. Hanyar zaɓe ita ce a riƙe a ji. Kafin biya a ɗora gefen rula a kan fuskar katakon: idan haske ya ratsa tsakani, ya lanƙwashe. A duba gefe ko falle-fallen sun fara rabuwa, a kuma girgiza mariƙi a ji ko yana motsi.

Roba da soso

Roba ce ke ba ƙwallo juyi, soson da ke ƙarƙashinta kuma shi ke ba ta tashi. Tun da Hiroji Satoh na Japan ya ci gasar duniya a Bombay a 1952 da bat mai soso, wasan ya koma na gudu da murɗa ƙwallo. Doka ta tsayar da iyakar kaurin roba da soso haɗe a kusan milimita 4, robar ƙuraje marar soso kuma a kusan milimita 2. Gefe ɗaya dole ya zama baƙi. Ɗayan a da ja ne kawai, amma daga Oktoban 2021 an yarda da wasu launuka masu haske kamar shuɗi da kore.

Roba mai santsin fuska, wadda ƙurajenta ke kallon ciki, ita ce ta kowa da kowa, kuma da ita ake koyon kowane irin bugu. A cikinta akwai mai danƙo irin ta Sin, kamar Hurricane ta kamfanin DHS, da marar danƙo mai soso mai tsalle irin ta Japan da Jamus. Mai danƙo tana murɗa ƙwallo sosai, sai dai tana kama ƙura fiye da kowace, abin da ya kamata mai wasa a fili a lokacin hunturu ya yi la'akari da shi. Mai gajerun ƙuraje a waje ta dace da mai tsayawa kusa da tebur yana tarewa da mari, kuma ƙura ba ta cika canja halinta ba. Mai dogayen ƙuraje ta masu tsaro ce, tana mayar wa abokin karawa juyin da ya aiko. Ba a fara koyo da ita. Soso mai kaurin milimita 1.5 zuwa 1.8 ya fi ba da iko a kan ƙwallo, na 2.0 zuwa sama na ƙwararru ne.

Robar da hukuma ta amince da ita tana ɗauke da tambarin ITTF da sunan kamfani a ƙasanta, dab da mariƙi. Jabu sun yi yawa, musamman masu ɗauke da sunan Butterfly, Stiga da DHS. Alamominsu su ne rubutu marar kaifi, warin gam mai ƙarfi, soso mai rugujewa idan an taɓa shi da farce, da farashin da ya yi araha fiye da kima. Gwaji mafi sauƙi shi ne a danna ƙwallo a kan roba a ja ta a hankali. Roba mai rai tana riƙe ta, matacciya kuwa ƙwallo zamewa take yi.

Bat da aka haɗa tun daga kamfani ya isa makaranta da teburin unguwa. Wanda ya fara shiga gasa shi ke bukatar sayen katako daban, roba daban, domin katako mai kyau yakan shekara da shekaru, roba kawai ake canjawa. Masu sayayya daga wannan yanki kan nufi shagunan kayan wasanni na Kano, tafiyar kusan kilomita 120 daga Gumel, don haka yana da kyau a haɗa ƙwallaye da gam da raga a tafiya ɗaya. Kada a karɓi bat da aka rataye a rana a bakin shago. A nemi wanda ke cikin kwalinsa a ciki.

Ƙwallo

Ƙwallon doka tana da faɗin milimita 40 da nauyin giram 2.7, fara ko ruwan lemo, marar ƙyalli. Kafin shekarar 2000 milimita 38 ce. An ƙara girmanta don a rage gudun wasa. Daga 2014 aka koma ƙwallon roba a maimakon ta seluloyid mai saurin kama wuta, kuma sabuwar tana ɗauke da alamar 40+. Taurari ke nuna daraja: mai tauraro 3 ta gasa ce, mai 1 ko 2 ta atisaye. Taurarin kamfanin da ba a san shi ba ba hujja ba ne, don haka a gwada.

Gwajin uku ne. A murza ƙwallo a kan tebur kamar katantanwa: idan tana rawa, ba ta zagaye daidai ba. A danna ta da babban yatsa a wurare daban-daban: idan wani wuri ya fi laushi, kaurin bangonta bai yi daidai ba. A mirgina ta a kan tebur a ƙarƙashin bat tare da ɗan dannawa: ƙarar ƙas-ƙas na nufin ta tsage. Wadda ta loɓa ba tare da tsagewa ba takan miƙe idan aka saka ta a ruwan zafi, domin iskar cikinta na buɗewa ta tura loɓar waje, amma daga nan ta atisaye ce kawai. Kada a kusantar da ita wuta. A ajiye ƙwallaye a kwali ko gwangwani mai murfi, nesa da rana. Sabuwa takan zo da farar hoda da ke ɓata roba, sai a goge ta kafin a fara bugu.

Tebur

Teburin doka yana da tsawon mita 2.74, faɗin mita 1.525, da tsayin santimita 76 daga ƙasa. Fuskarsa mai duhu ce marar ƙyalli, yawanci shuɗiya ko koriya, da farin layi mai faɗin santimita 2 a duk gefuna, da siririn layi na milimita 3 a tsakiya don wasan bibbiyu. Ma'aunin ingancinsa shi ne tashin ƙwallo: idan aka sake ta daga tsayin santimita 30, ta tashi kusan santimita 23, kuma haka a ko'ina a kan fuskar. Teburan gasa na da kaurin milimita 22 zuwa 25. Na 18 ko 19 ya wadatar da makaranta, amma abin da ya gaza 16 ba ya ba da tashi mai kyau kuma yana saurin lanƙwasa.

Tebur na kamfani yana da tsada, don haka akasari kafinta ake ba aikin. A nan akwai abin lura. Falankin filawud da ake sayarwa ƙafa 8 ne da ƙafa 4, wato santimita 244 da 122. Teburin da aka yi da falanki ɗaya ya gaza na doka da santimita 30 a tsawo da kusan haka a faɗi, kuma yaron da ya koya a kansa sai ya sake koyon tazara idan ya je gasa. Kowane rabi na teburin doka santimita 152.5 ne da 137. Hanyar samunsa ita ce a yanka 152.5 daga tsawon falanki, a ƙara masa tsiri mai faɗin santimita 15, a sa mahaɗar ta ɓangaren raga inda ƙwallo ba ta cika sauka ba. A tokare mahaɗar da katako daga ƙasa, a cike ta, a goge da sanfefa har yatsa ya kasa jin ta. Kusoshi su shiga daga ƙasa, kada kansu ya fito a fuska.

Rabi biyu masu rabuwa sun fi sauƙin ɗauka da ajiya. A yi wa kowane rabi firam a ƙasa don kada ya lotsa a tsakiya. Ƙafafun ƙarfe daga wurin mai walda sun fi na katako a ƙasar da gara ke da yawa. Idan na katako ne, a shafa musu maganin gara kuma a ɗora su a kan siminti ko bulo. Fenti mai ƙyalli yana sa ƙwallo ta zame kuma yana kashe ido, don haka a nemi marar ƙyalli, a shafa siriri sau 2 ko 3, ana gogewa a tsakani. A shafe gefuna da bayan falanki ma, domin ta nan danshi ke shiga. Katakon MDF yana ba da tashi mai kyau, amma ruwa kaɗan ya isa ya kumbura shi, kuma ba ya komawa. Inda babu ɗakin ajiya, teburin siminti da aka goge fuskarsa ya fi dacewa: ba ruwansa da gara ko ruwan sama, sai dai yana cin ƙwallo da gefen bat.

Raga, fili da takalmi

Tsayin raga santimita 15.25 ne daga wannan gefe zuwa wancan, kuma sandunanta na fita waje da tebur da santimita 15.25 a kowane ɓangare. Ƙasanta ya kusanci fuskar tebur. Mai maƙalar noti ta fi mai ɗan maƙale ƙarfi. A sa ɗan ƙyalle ko roba tsakanin ƙarfe da katako don kada ya ci fenti. Katako ko bulo da ake jerawa a madadin raga yana fasa ƙwallo kuma yana ɓata ma'aunin ido.

Filin gasar duniya mita 14 ne da 7, amma don atisaye mita 2 a bayan kowane gefe da mita 1 da rabi a haƙarƙari sun wadatar. Daɓen ya zama daidai. A gwada da ma'aunin ruwa na magina. Idan a waje ne, a nemi wurin da katanga ta tare iska, a miƙe teburin kudu da arewa don kada rana ta shiga idon ɗan wasa safe ko yamma. Rairayin da ke kan siminti yana jawo santsi, don haka shara kafin wasa wajibi ce. Takalmin kambas marar tudu, mai tafin roba mai kama ƙasa, shi ya dace. Silifa na jawo targaɗe.

Kulawa ta yau da kullum

Bayan kowane wasa a ɗiga ruwa mai tsabta kaɗan a kan roba, a share da soso mai laushi ko tsumman auduga daga mariƙi zuwa sama, a bar ta ta bushe a inuwa. Kada ruwan ya taɓa gefen katako. Fetur, kananzir, sabulun wanki da man shafawa duk suna kashe roba. Idan ta bushe a rufe kowace fuska da leda mai kauri da aka yanka daidai girmanta, sannan a saka bat a jakarsa. Iska da hasken rana ne ke tsofar da roba, ledar kuma tana tare su duka biyun. Kada a goge busasshiyar ƙura da tafin hannu da ƙarfi, domin ƙwayoyin rairayi na karce fuskar. A naɗa siririn tef a gefen bat don kare shi idan ya bugi tebur. Gumin da ke shiga mariƙi a share shi da tawul.

Tebur kuwa a share shi da busasshen tsumma mai laushi kafin wasa, sau ɗaya a mako kuma da wanda aka jiƙa aka matse sosai. Ba a zama a kansa, ba a cin abinci, ba a ɗora kofin shayi ko ledar ruwa. A sassauta raga bayan an tashi.

Kulawa bisa yanayin shekara

A hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce babbar matsala. Roba na bukatar sharewa ko a tsakiyar wasa, ƙwallaye a wanke su da ruwa a shanya a inuwa, tebur kuma a rufe shi da zane ko tamfol. Bushewar iska na sa itace ya tsuke har falle ya rabu, don haka bat ya kwana a jakarsa a cikin ɗaki.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi na busar da soso, ya narkar da gam, ya lanƙwasa katako. Wuraren da suka fi kashe bat su ne cikin motar da aka rufe a rana, ƙarƙashin kujerar babur, da saman sif dab da rufin kwano. A ajiye shi ƙasa-ƙasa a ɗaki mai sanyi. Teburin katako kada ya yini a rana ko da an rufe shi.

A damina, daga Yuni zuwa Satumba, danshi kan kwanta a fuskar roba har ƙwallo ta riƙa zamewa. Busasshen tawul ne maganinsa. Ƙananan ƙunshin tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi suna da amfani a jakar bat. A shigar da tebur ciki, a jingina rabi-rabin a tsaye a kan katako ko bulo, da tazara tsakaninsu da bango. Lokacin ne kuma gara ke yawan aiki, sai a riƙa duba ƙafafu da bayan falanki duk mako, a shafa wa noti da maƙalan ƙarfe mai don tsatsa.

Canja roba

Roba ta mutu idan tsakiyarta ya yi ƙyalli ko ya canja launi, idan zanen ƙurajen ciki ya fara bayyana, ko ta kumbura, ko ƙwallo ta daina kamawa bayan an share. A ɓare tsohuwar a hankali, a karkace, ba bin tsawon jijiyar itace ba, don kada ta ɗauko ɓawon katako. A murje ragowar gam da yatsa. Gam na ruwa da aka yi don wannan aiki ake amfani da shi. Gam ɗin faci da sauran masu wari ITTF ta hana su tun 2008 saboda tururinsu na cutar da lafiya, sufa gulu kuwa yana lalata soso da katako gaba ɗaya.

A shafa gam siriri a soso da fuskar katako, a jira har farinsa ya washe. A daidaita ƙasan roba, inda tambari yake, da bakin mariƙi, a kwantar da ita zuwa sama ana bi da kwalba ba tare da an ja ta ba. A yanke rarar da almakashi mai kaifi ko sabuwar reza daidai da gefen katako, sannan a yi ɗaya fuskar. A danne da littattafai na wasu sa'o'i kafin a buga.

Inda kaya na jama'a ne, kamar makaranta ko ƙungiyar matasa, a damƙa su ga mutum ɗaya, a sa wa kowane bat lamba, a rubuta fita da dawowarsa, a kuma ware wani abu daga kuɗin wasa don ƙwallo da roba.

Kayan pickleball

Pickleball ɗan uwan ƙwallon tebur ne. An ƙirƙiro shi a 1965 a tsibirin Bainbridge na jihar Washington a Amurka, inda aka fara buga shi da bat na ƙwallon tebur a filin badminton. Filinsa mita 13.41 ne da 6.10, ragarsa kuma santimita 86 a tsakiya. Bat ɗinsa ya fi girma kuma ba a manna masa roba ko soso a fuska: na katako ya fi araha da nauyi, na zamani kuwa cikinsa roba ce mai ramuka a jere, fuskarsa zaren gilashi ko kabon. Tsawonsa ba ya wuce santimita 43. Ƙwallonsa roba ce mai huji 26 zuwa 40. Mai ƙananan huji 40 ita ce ta fili domin ta fi jure iska, mai manyan huji 26 ta cikin zaure. Kulawarsa ba ta bambanta da abin da ya gabata ba: a share fuskar bat da jiƙaƙƙen tsumma, a canja naɗin mariƙi idan ya yi santsi, a duba gefensa ko ya ɗago, a nisanta shi da ƙwallayen daga zafin rana, a kuma cire duk ƙwallon da ta tsage ko ta daina zagaye daidai.